RA'AYINMU: Lasifika, Barcin Maƙwabci Da 'Yancin Zanga-zanga

Ranar Alhamis, 1 ga watan Agusta na 2024, matasa suka fito kan tituna a garuruwa da dama na ƙasar nan don kukan tsadar rayuwa, wadda ta tsananta tun bayan da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023. Kafin rana ta faɗi al'amari ya rikice a Kano da Jigawa da wasu jihohi. An fasa rumbunan gwamnati an kwashe taki da hatsi, an lalata ofishin jam'iyyar APC a Dutse, an kuma rasa rayuka. Gwamna Umar Namadi ya kafa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a duk faɗin jihar. Bayan 'yan kwanaki aka ɗage ta a ƙananan hukumomi 19, aka bar ta a takwas, cikinsu har da Kazaure da Roni da Babura. Mutumin Achilafiya ta ƙaramar hukumar 'Yankwashi, wanda wataƙila bai taɓa ɗaga kwali ba a rayuwarsa, shi ma dokar ta hau kansa a kwanakin farko, a tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ba ta jiran kowa.

Tun daga wancan lokaci akan ji mutane masu hankali, har da wasu daga cikin dattawan ikilisiyoyinmu, suna cewa hayaniya ta yi yawa a garuruwanmu, don haka gara hukuma ta tsananta doka a kan ihu da lasifika da jerin gwano a unguwanni, kowa ya huta. Mun fahimci inda suka dosa. Wanda ya taɓa jinyar tsoho ko goyon jariri a gidan da lasifika ke fuskanta ya san cewa barci ma hakki ne. Wannan shafi yana goyon bayan a kare barcin maƙwabci. Amma muna da sharaɗi ɗaya wanda ba za mu janye ba: dokar hana hayaniya ta auna ƙarfin ƙara da lokacin da ake yin ta da wurin da ake yin ta, ta tsaya nan. Ranar da ta fara duba wane ne mai maganar da abin da yake faɗa, to, ta zama takunkumi, kuma masu karanta wannan shafi suna cikin waɗanda za a fara ɗaura wa.

Bari mu fara da abin da doka ta ce. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini a sashe na 38, da 'yancin faɗin albarkacin baki a sashe na 39, da 'yancin taruwa da sauran jama'a a sashe na 40. Sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita waɗannan 'yanci saboda tsaro, ko zaman lafiya, ko lafiyar jama'a, ko don kare hakkin wasu mutane, muddin taƙaitawar irin wadda ƙasa mai bin dimokuraɗiyya za ta iya karewa ce. Ke nan mai zanga-zanga yana da madogara, mai neman barci ma yana da tasa, duk a cikin littafi ɗaya.

Game da ƙara kuwa, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NESREA mai kula da ƙa'idojin muhalli a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idojin taƙaita ƙara. Ana auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Ƙa'idojin sun ce a unguwar zama kada ƙara ta wuce desibel 50 da rana da 35 da dare, a unguwar da ta haɗa gidaje da shaguna kuma 55 da rana da 45 da dare. Dare a wurinsu yana farawa daga ƙarfe 10 har zuwa 6 na safe. Wanda zai wuce wannan iyaka an tanadar masa hanyar neman izini.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi lissafi. Hirar mutum biyu da ke zaune a tabarma ɗaya takan kai wajen desibel 60. Raɗa takan tsaya wajen 30. Idan haka ne, injin niƙa da ke bakin layi ya karya doka. Janaretan mai cajin waya ya karya. Mai tallan maganin gargajiya da ke zagaya kasuwa da amsa-kuwwa a kan mota, da makaɗan biki, da kamfen ɗin ɗan siyasa, da ƙungiyar mawaƙanmu ran Lahadi da safe, duk sun karya. Babu kuma wani taron mutum ɗari da zai ratsa titi yana kukan yunwa bai wuce desibel 50 ba, ko da ba su riƙe lasifika ko ɗaya ba. Dokar da kowa ke karyawa kullum, alhali ba a kama kowa, ba ta mutu ba. Ajiye ta aka yi a aljihun mai iko, sai ranar da ya ga wanda ba ya so ya zaro ta. Wannan ne abin da muke tsoro, kuma tsoron ba na banza ba ne, domin mun taɓa ganin irinsa.

A ƙarƙashin Dokar Zaman Lafiyar Jama'a ta 1979, wadda aka gada daga mulkin soja, 'yan sanda sun daɗe suna cewa babu taro babu jerin gwano sai da izininsu. A watan Satumba na 2003 jam'iyyar ANPP ta yi gangami a Kano don ƙin amincewa da sakamakon zaɓen wannan shekara. 'Yan sanda suka tarwatsa taron da barkonon tsohuwa, bisa hujjar cewa ba a ba da izini ba. A wurin akwai Janar Muhammadu Buhari, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar, da mataimakinsa Dakta Chuba Okadigbo, tsohon shugaban Majalisar Dattawa. Okadigbo ya rasu ran 25 ga wannan wata, kuma mutane da yawa sun danganta rasuwarsa da hayaƙin da ya shaƙa. ANPP da wasu jam'iyyu suka kai ƙara, Lauya Femi Falana ya tsaya masu. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa tilasta neman izinin 'yan sanda ya saɓa wa tsarin mulki, kuma a watan Disamba na 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da wannan hukunci. Daga baya Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara fayyace cewa idan aka sanar da 'yan sanda za a yi taro ko jerin gwano, aikinsu shi ne su ba da kariya. Sanarwa ce ake yi, ba roƙo ba.

Shekara huɗu aka yi ana shari'a kafin a rufe wannan ƙofa. Idan yanzu aka ce babu laifi ku yi zanga-zanga, amma sai kun samo takardar izinin yin ƙara daga wani ofishi, kuma shugaban ofishin gwamna ne ya naɗa shi, to, abin da kotu ta kora ta ƙofar gida ya dawo ta katanga.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu, mu da ba 'yan siyasa ba? Ruwanmu yana nan tsundum. A watan Janairu na 2020 'yan Boko Haram suka kashe Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar CAN na ƙaramar hukumar Michika a Jihar Adamawa. Ran Lahadi 2 ga Fabrairu na wannan shekara, bisa kiran CAN, masu bi suka fito daga majami'u a sassa da dama na ƙasar nan suka yi tattakin addu'a da kwalaye a hannu. Da waƙa aka yi shi, da murya sama. Da a ce akwai wani jami'i mai ikon cewa unguwar nan ta masu barci ce ku koma ciki, da jinin bawan Allah ya tafi shiru. Haka kuma a watan Janairu na 2012, lokacin zanga-zangar janye tallafin mai ta zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, an ga Kirista a Kano sun yi da'ira suna gadin Musulmi har suka idar da salla. Ba a cikin ɗaki aka ƙulla wannan zumunci ba. A kan titi aka ƙulla shi, cikin hayaniya.

Ga mai bi da ke zaune a Roni ko Gwiwa ko ƙauyukan Kazaure, maganar ta fi haka kusa. Jama'armu a can ba su da yawa, galibi manoma ne, kuma ba kasafai ake samun nasu a kujerar da ake yanke shawara ba. Idan aka hana su filin gina majami'a, ko aka ci iyakar maƙabartarsu, ko makarantar ƙauyensu ta shekara babu malami, ba su da gidan rediyo, ba su da babban lauya. Abin da suke da shi shi ne ƙafafunsu da muryarsu, su taru su taka zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma ko ƙofar hakimi su faɗi damuwarsu. Talakan Musulmi da ke maƙwabtaka da su ma abin da yake da shi ke nan. Duk dokar da ta bar wa jami'i zaɓin wanda zai hukunta, kan marar gata take faɗawa.

Sai dai ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba, domin mu ma muna da kaburbura da ke tuna mana. A watan Oktoba na 1991 jerin gwanon ƙin zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke Kano ya rikiɗe ya zama kashe-kashe da ƙone-ƙone. Ran 21 ga Fabrairu, 2000, tattakin da Kirista suka yi a Kaduna don ƙin shirin kafa shari'ar Musulunci ya ƙare da ɗaya daga cikin tarzoma mafi muni da garin ya taɓa gani. Saboda haka wanda gabansa ke faɗuwa idan ya ji ihun taro daga nesa ba matsoraci ba ne, mai tunawa ne. Amma a lura, abin da ya kashe mutane a waɗannan ranaku adda ce da fetur da ashana, kuma akwai dokokin da suka haramta kisa da ƙone-ƙone da sata tun kafin a haifi yawancinmu. Ma'aunin desibel ba ya hana ɗan daba. Ɗan sanda da ya fito da wuri, ya raka taro, ya ware ɓata-gari daga masu kuka, shi ke hana shi.

A Agustan 2024 an ga abin da ke faruwa idan aka kasa wannan warewa. Ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoto a watan Nuwamba na wannan shekara cewa aƙalla mutum 24 suka mutu a hannun 'yan sanda a jihohin Borno da Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa da Neja, kodayake rundunar 'yan sanda ta musanta rahoton. Ran 1 ga Nuwamba aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bisa tuhumar da ta haɗa da cin amanar ƙasa, da yawansu yara ƙanana da suka yi wata uku a tsare, har wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Sai da duniya ta yi ca kafin Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Hukumar da ta iya tuhumar yaro mai jin yunwa da cin amanar ƙasa, ba ita za a miƙa wa sabuwar sanda a ce ta yi amfani da ita yadda ta ga dama ba.

Yanzu kuma bari mu juyo gida, don masu iya magana sun ce idan za ka faɗi gaskiya fara da kanka. Zanga-zanga takan zo sau ɗaya a shekara, ko a shekaru. Abin da ke hana maƙwabci barci mako-mako ba ita ba ce. A unguwanni da yawa, musamman a manyan garuruwa, lasifikar wuraren ibada ce, kuma namu suna ciki. Akwai majami'ar da mutum ashirin ne a cikinta, amma an kafa ƙahoni huɗu a kan rufi suna fuskantar gabas da yamma da kudu da arewa, ana addu'ar dare daga ƙarfe 11 har asuba, da ganga da jita da janareta. Wa ake yi wa? Waɗanda suka zo suna ji ko babu na'ura. Allah kuwa ba kurma ba ne. Wanda ya rage shi ne maƙwabcin da zai tashi da sassafe ya tafi gona ko kasuwa, da ɗalibin da ke da jarrabawa, da mai hawan jini. Littafin Karin Magana, sura 27 aya 14, ya riga ya yi gargaɗi cewa ko albarka ce aka sa wa maƙwabci da ihu tun da asuba, ba a matsayin albarka zai karɓe ta ba. Likitoci ma sun tabbatar cewa rashin barci saboda ƙara yana da alaƙa da hawan jini, kuma zama na sa'o'i cikin ƙarar da ta wuce desibel 85 yana lalata ji. Yaranmu da ke zama gaban manyan akwatunan sauti kowace Lahadi su ne farkon waɗanda abin ke shafa.

Mun san amsar da za a ba mu: ai su ma suna yi. Gaskiya ne, wa'azi da tafsiri da majalisi da bukukuwa na maƙwabtanmu su ma sukan kai tsakar dare da lasifika a buɗe. Amma gasar ƙara ba ta da mai nasara. Wannan ya ƙara, wancan ya ƙara, har hukuma ta sami hujjar shigowa, kuma idan ta shigo ba ta tambayar wanda ya fara. A watan Yuni na 2016 gwamnatin Jihar Legas ta rufe majami'u 70 da masallatai 20 da otal-otal 10 saboda ƙara. A Kaduna kuwa, Gwamna Nasir El-Rufa'i ya aika wa majalisar jiha ƙudurin gyara dokar wa'azi ta 1984. A cikinsa akwai taƙaita amfani da lasifika da dare, abin da mutane da yawa za su iya amincewa da shi, amma an haɗa shi da tilasta wa masu wa'azi karɓar lasisi daga kwamitin da gwamnati ta kafa. Ƙungiyar PFN ta majami'un Fentikos ta kai ƙara, kuma a watan Yuni na 2019 Babbar Kotun Jihar Kaduna ta ce ba wa fastoci lasisi ya saɓa wa 'yancinsu. Darasin a bayyane yake. An ɗauko maganar ƙara, wadda ke da farin jini, aka goya mata maganar izini a baya. Da mun gyara lasifikarmu da kanmu tun farko, da ba a sami zanen goyon ba.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka, a 1989, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan wata ƙungiyar masu yaƙi da wariyar launin fata da ke kiɗe-kiɗe a babban lambun shaƙatawa na birnin New York, maƙwabta suna kuka. Kotun ta ce hukumar birni tana da ikon sarrafa ƙarfin sauti, tun da ƙa'idar ba ta dubi saƙon da ake isarwa ba, kuma ba ta hana a yi taron ba. A Ingila kuwa majalisa ta zartar da doka a 2022 wadda ta ba 'yan sanda ikon gindaya wa zanga-zanga sharuɗɗa idan suna ganin ƙararta za ta dami jama'a ƙwarai, kuma masu kare hakkin ɗan Adam sun yi ta suka, domin ta bar hukunci ga ganin damar jami'i. Ta farkon ce ta fi kama da abin da muke nema.

Don haka ga kiranmu ga Majalisar Dokokin Jihar Jigawa, da shugabannin ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura, duk ranar da suka tashi tsara ƙa'ida a kan wannan. A raba dare da rana. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa asuba a hana lasifikar waje a unguwar zama ga kowa da kowa, majami'a da majalisi da gidan biki da ɗan takara, har da jam'iyyar da ke mulki. Gajeren kira na ibada, kamar kiran salla ko ƙararrawar majami'a, ba ya cikin wannan, domin minti kaɗan ne kuma gari ya saba da shi. A kewaye asibiti da makaranta a lokacin karatu, a ce jerin gwano ya wuce su ba tare da amsa-kuwwa ba. Kada a yarda taro ya yi sansani a ƙofar gidan wani mutum inda iyalinsa ke kwana, ko da shi ne ake kuka da shi, tun da yana da ofis. Amma da rana, a kan babban titi, a filin gari, a gaban sakatariya, a bar mutane su ɗaga murya iyakar ƙarfinsu, domin kukan da ba a ji ba bai isa inda aka aike shi ba. Kada a tura su bayan gari inda babu mai ganinsu sai shanu, a ce an ba su 'yanci. Wanda ya wuce iyaka a fara ce masa ya rage sauti, idan ya ƙi a ci shi tara a gaban alƙali. Ƙara ita kaɗai kada ta zama dalilin harba barkonon tsohuwa, balle harsashi.

Muna kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Kazaure, Alhaji Najib Hussaini Adamu, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, su riƙa haɗa limamai da fastoci da shugabannin matasa a zauna a yi yarjejeniyar lokaci tun kafin rigima ta taso. Yawancin ƙorafin ƙara a ƙauye ba ya bukatar takarda, zaure ɗaya ya ishe shi.

Ku kuma dattawan ikilisiya, da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa da na mawaƙa, ba sai kun jira majalisa ba. A zaman ku na gaba ku sa maganar cikin ajanda. A juya ƙahonin da ke kan rufi su fuskanci ciki, ko a sauke su. Idan za a yi taron farkawa ko addu'ar dare, a aika mutum biyu su gaida maƙwabta na dama da na hagu tun ana saura kwana uku, a gaya masu ranar da lokacin tashi, a tambaya ko akwai marar lafiya a gidan. Ƙarfe 10 na yi, a kashe na waje.